Sunan da na rubuta a jirgin Inna Ige

Ranar kasuwar da ta wuce ina zaune a ƙofar shagon ɗan ƙanena a Yelwa, wanda ke buga rubutun talla da kwamfuta, sai wani mai babur ya tsaya a buga masa sunansa. Ko sauka bai yi ba. Ya faɗi sunan, aka danna, inji ya fito da leda mai gam, aka manna masa a tanki ya wuce. Na ce wa ɗan ƙanen nawa, "Kai, ka tabbata babur ɗin nasa ne?" Shi da abokansa suka kwashe da dariya. Ya ce, "Baba, mu rubutu mukai, ba alƙalanci ba. Mi ad da wuya cikin rubuta suna?"

Tun ranar raina yake ɓace, shi ya sa na ɗauki biro. Shekara talatin da wani abu na yi ina rubuta sunayen mutane a jikin kayansu da buroshi, daga Yelwa har Shanga da Warra, kowa ya san ni da Mamman Fenta. Kuma da hannun nan nawa na taɓa ɗauke wa wani bawan Allah jirgin ruwan da uwarsa ta saya masa, na ba ƙanensa, da harafi huɗu kacal. Ku da kuke ganin aikin wasa ne, ku karanta yadda aka yi.

Ban yi nisa a boko ba, aji biyar na tsaya a firamare. Na yi noma, na yi dako a bakin ruwa, sai da na yi aure sannan na shiga hannun Malam Bawa, mai shago a bayan kasuwa, wanda a da shi ke zana manyan motoci. Wata shida na yi bai bar ni na taɓa fenti ba. Aikina wanke buroshi da kananzir, da goge katako da sanfefa har fatar yatsuna ta siɗe, da jan layi. Layin ma da zare ake yi: a shafa masa alli, a ɗaure shi gefe da gefe, a ja tsakiyarsa a saki, ya bar farin layi miƙaƙƙe. Ƙananan buroshi da kanmu muke haɗawa da gashin wutsiyar akuya da bututun biro, don na kanti ba sa juya kwana yadda ake so. Fenti a gwangwanin madara ake dama shi, in ya yi ruwa ya zubo kamar hawaye, in ya yi kauri ya ja ƙasa. Akwai kuma sanda mai ƙullin tsumma a kai, wadda ake dafa wa allo a ɗora hannu don kada ya yi rawa. Wanda bai taɓa tsayawa kan benci da rana tsaka yana jan harafi mai tsawon kamu biyu ba, iska na kaɗa shi, ba shi da bakin cewa abin da sauƙi.

Allon farko da aka ba ni na wani tela ne, Ɗanladi. Mutanenmu a lokacin, ko wanda bai san bihim ba, da Turanci yake so a rubuta masa, don shi ake ganin ya fi kwarjini. Malam Bawa ya zaunar da ni ya nuna mini yadda Bature ke cewa abu na wane ne. Mu da Hausa abin muke fara kira, sannan mai shi: shagon Ɗanladi. Shi Bature mai abin yake sawa gaba, ya rataya masa wani ɗan ɗigo mai lanƙwasa a sama, wanda muke kira ƙugiya, ya bi shi da harafin es, sannan ya kawo abin. In masu abin suna da yawa, kamar ƙungiyar masunta, ƙugiyar sai ta koma bayan es ɗin. In kuwa sunan ya yi tsawo, ko na hukuma ne, sai a bar ƙugiya a sa abin gaba, a haɗa su da 'yar kalmar nan mai harafi biyu, of. Ni kuwa na tashi na rataya ƙugiyar Ɗanladi a baya. Wani malamin sakandare ya zo wucewa ya tsaya yana dariya, ya ce wa telan, "Ashe ku nawa ne masu shagon?" Na koma shago kamar in nutse.

Malam Bawa ko a jikinsa. Ya ce, "Wanga ai shafa ɗaya ta, je ka gyara. Ƙugiya ba ta taɓa kai kowa gaban alƙali ba. Sunan da kar rataya mata, shi nika jin tsoro."

Dokarsa ke nan, kuma ya fi tsananta ta fiye da komai a shagon. Ba a rubuta sunan mutum a kan abu sai an binciko nasa ne. Na ga ranar da wani direba ya zo da mota, ya cika baki a zana masa sunansa a goshinta. Malam Bawa ya ce, "Madalla. Ƙofar gidan wa take kwana?" Direban ya fara inda-inda. Malam Bawa ya ce, "In inji ya buga, wa ka sayen sabo?" Sai ga shi motar ta wani Alhaji ce a Shanga, shi tuƙi kawai yake yi. Malam Bawa ya ce ya je ya zo da Alhajin, ko kuma a rubuta masa addu'a kyauta ya tafi. In jirgin ruwa ne, sai ya aike ni bakin ruwa in tsaya har masunta su dawo, in ga gidan da ake kai rabon jirgi, wato kason kifin da ake ware wa mai jirgi. Sau da yawa wanda ke riƙe da filafilin tuƙi dabam, mai jirgin dabam, kuma rabinsu na matan da ke bandar kifi ne. Na sha yin tafiyar yini a kan wannan, ina zaginsa a zuci. Amma abin da ya sani shi ne, mutanenmu in suka ga abu a rubuce da Turanci, da fenti, sun fi gaskata shi a kan shaidar dattawa uku. Wannan hali namu har gobe yana ba ni haushi.

Shekarar da aka ba mu jihar Kebbi, ita ce shekarar da ban taɓa ganin irinta ba. Kowane allo a ƙasar Yauri yana ɗauke da sunan Sakkwato, na makaranta, na kemis, na masallaci, har na mai shayi, kuma kowa so yake a canza masa kafin na maƙwabcinsa. A lokacin Malam Bawa idonsa ya mutu, ya bar mini shagon ya koma ƙauye. Na yi ta shafewa ina rubutawa daga safe har la'asar, na sayi keke, na sayi rediyo, aka fara ce mini Injiniya. Aikin canza sunan jiha ba ya buƙatar tambayar kowa, don ba wanda ke jayayya da shi. A nan hannuna ya saba da sauri, kaina ya kumbura, na fara ganin dokar tsohon nan ɓata lokaci ce ta mutanen da.

Bayan nan da kamar shekara biyu abin ya juye. Kainuwa ta rufe bakin ruwa, jirgi sai an sare masa hanya da adda. Kifi ya yi ƙaranci, masu banda suka zauna. Kananzir ya ɓace daga gari, fenti ya yi tsadar da sai dai in sayi rabin gwangwani. Wanda bai ci ya ƙoshi ba kuwa ba ya neman allo. Na yi wata uku buroshina suna bushe, na koma noman shinkafa a fadamar wani. Ana cikin haka aka yi shela cewa kowane jirgi ya zama yana da sunan mai shi da lamba a jiki, ma'aikata za su zo su duba su ba da takarda, wanda ba shi da su ba zai shiga ruwa ba. Kwana goma aka bayar. Cikin yini biyu jirage fiye da talatin suka jeru a tudu suna jirana. Na kafa rumfar zana a bakin ruwa, na koma can da kayana.

Rubutu a jikin jirgi ba irin na allo ba ne. Katakon ya sha ruwa, ya sha man kifi, ga kwalta a tsagogi, fenti ba ya kama ko ɗaya. Sai an ja shi tudu ya yi kwana uku yana shan rana, a wanke goshin da toka da omo, a goge, a shafa farin fenti a bari ya bushe, sannan a ja layi. Goshin kuma a lanƙwashe yake, in ka ja harafi a miƙe, daga nesa sai ka gan shi a karkace. Dole ka karkata shi kai da kanka don ya fito daidai. Ina yin wannan ga jirgi bayan jirgi, masu su na tsaye a kaina suna ƙorafi, ranar nan da hantsi Inna Ige ta iso.

Inna Ige mai banda ce, ta kai shekara sittin, mijinta ya daɗe da rasuwa. 'Ya'yanta maza biyu. Babban, ɗanta na fari, tun yana jariri gwaggonsa ta ɗauke shi ta raine shi a Warra, kamar yadda ake yi. A lokacin yana da mata da 'ya'ya uku, ba shi da jirgin kansa, a jirgin wani yake su can ƙasan tafki, sai ya yi wata biyu bai zo gida ba. Ƙaramin shi ne Bala, wanda ke gabanta, mai shekara ashirin da biyar, wanda take kira sau ɗari a yini. Ku yaran yanzu wataƙila kun manta da kunyar ɗan fari. Uwa irin ta da ba ta faɗin sunansa, ba ta kallon fuskarsa, ba ta yabonsa, in ana rabon abu ba ta ce a ba shi. In ta yi, ta zama abin nuni a cikin mata har ta mutu. Ni kaina ɗan fari ne, innata ta bar duniya ban ji sunana a bakinta ba. Saboda haka ba ni da uzurin cewa ban san al'adar ba.

Sabon jirgi ne ta sa aka jawo, na katakon maɗaci, dogo, ko ruwa bai taɓa ba. Shekaru ta yi tana tara kuɗin banda kafin ta same shi. Ta tsaya gefen rumfata, Bala na bayanta, ta jira har mutane suka ɗan ja baya. Muka gaisa.

Na ce, "Inna, sunan wa za a sa?"

Ta juya fuska wajen ruwa, ta rage murya. "Na yayan wanga na."

"Mi as sunanai?"

Ta dube ni kamar na zage ta. "Kai ba ɗan Hausa ba na? Tambayi mutane." Ta gyara mayafi ta tafi wurin bandarta.

Ba wanda ya ji sai ni da Bala. Kuma ba ta gaya wa kowa ba kafin nan, don faɗin ma abin kunya ne. Duk bakin ruwa sun ɗauka na Bala ne. Abin da ya kamata in yi a fili yake: in ajiye buroshi, in nemi wani dattijo daga danginsu, ko in sa a kai saƙo Warra wurin gwaggon, a ba ni suna da shaida. Ba zai wuce yini ɗaya ba. Sai na juya na tambayi Bala.

Ya matso yana murmushi. "Injiniya, sunan Yaya Isiyaku. Amma ka san ma'aikatan ga sai sun ga mai jirgi da idonsu. Shi kau yana can ƙasa, ba mai sanin randa zai dawo. In anka sa nashi, jirgin Inna zai zauna tudu. Sa nau kawai, in ya dawo a sake. Ai kai shafa ɗaya ta gare ka, duk Yauri wa ka ja maka a Turanci?"

Na san maganar tana da rami. Ban ji ma'aikatan sun ce sai sun ga kowa ba. Amma na dubi layin jiragen, na dubi ɗan fentin da ya rage a gwangwani, na lissafa cewa Isiyaku harafi bakwai ne, Bala huɗu. Wallahi har wannan na lissafa. Da yake jirgin sabo ne ba ya buƙatar wanki, kafin azahar na gama. Na sa masa jan fenti a kan fari, na yi wa haruffan inuwa da baƙi, na rataya ƙugiya a inda ya dace, na bi da es, na rubuta jirgi da Turanci. Rubutun ya yi kyau ƙwarai, har mutane na tsayawa kallo. Da yamma Inna Ige ta zo ta leƙa daga nesa. Ba ta karatu, ta ga ja da fari, ta ce Allah ya yi mini albarka. Na amsa da amin.

Ma'aikata suka zo, suka kwafi abin da ke jikin kowane jirgi suka ba da takarda. Su ba su yi laifin komai ba, abin da suka gani suka rubuta. Bala ya naɗe takardarsa a leda, ya tura jirgi ruwa, ya fara su da shi. Uwar ta ɗauka riƙo yake yi wa wansa. Ni kuwa ko sau ɗaya ban neme shi na ce yaushe za a sake ba. Na gama jiragena, na shiga na mutanen Ngaski da suka biyo baya.

Bayan kamar mako shida Isiyaku ya dawo. An gaya mini a bakin ruwa ya fara ganin jirgin, ya tambayi wani ɗan boko abin da aka rubuta, aka karanta masa. Ya ce madalla, ya wuce gida. Sai dai matar maƙwabcinsu ta taɓa jin Inna Ige tana faɗa wa Bala ya kula da jirgin mutane, ta kai wa matar Isiyaku, magana ta tashi. Isiyaku ya tambayi ƙanensa, Bala ya fito da takarda ya ce ga ta nan, ga kuma jikin jirgi, wanda ya iya karatu ya karanta. Suka kai ga riƙe wuyan riga, aka raba su, aka kai maganar gaban Sarkin Ruwa, shugaban masuntan wurin. Aka aiko a kira ni.

Da safe ne, a ƙarƙashin wata tsamiya da ke kallon ruwa. An cika, maza a gaba, mata masu banda a baya, har da dangin mijin Inna Ige da suka zo daga Warra, surukanta ke nan. Inna Ige tana zaune a gefe a kan tabarma ta ba Isiyaku baya. Shi dogo ne, baƙi, mai shiru, yana tsaye da filafilinsa da ƙullin kayansa, don da niyyar komawa ya fito.

Bala ya yi bayaninsa, ya ce Inna ta kai shi wurin fenta ta ce a sa sunan mai jirgi, aka sa. Sarkin Ruwa ya juya. "Ige, ke kis sai jirgi. Na wa na?"

Ta ce, kanta a ƙasa, "Mai fenti ya ji abin da nic ce."

Duk idanu suka dawo kaina. Ta ba ni aikin da ya fi kowane sauƙi a duniya, in maimaita kalma huɗu da na ji da kunnena. Amma a cikin taron nan akwai mutum fiye da ashirin da na yi wa rubutu, ga na Ngaski da ke jira. Na ga in na ce na sa sunan da na san ba shi ba ne, gobe ba mai kawo mini ko murfin tukunya. Na ce, "Ranka ya daɗe, ranar hayaniya ta yi yawa. Ni dai sunan da anka ba ni shi nir rubuta. Sauran ban riƙe ba."

Inna Ige ta ɗago ta dube ni. Ta mayar da kanta ƙasa.

Wani tsoho daga dangin Warra ya ce, "Kai fenta, ji tsoron Allah. Kunnenka fenti ya toshe shi?" Aka yi 'yar dariya. Na ce iyakar abin da na sani ke nan.

Sarkin Ruwa ya juya wajen Inna Ige ya ce, "Ige, na san abin da nika tambayarki yana da nauyi. Amma ga rubutu, ga takarda, shaidarki kuma ya ce bai riƙe ba. Saura bakinki. In kin yi shiru, abin da ad a rubuce shi za ya tsaya."

Ta ja mayafi ta rufe fuska. Aka jira. Wata daga matan baya ta ce a hankali, "Haba, a gaban surukai? A bar ta mana." Bala ya fara naɗe takardarsa.

Sai Isiyaku ya yi magana, karo na farko. Ya ce, "Ranka ya daɗe, a bar tsohuwa ta huta. Ban zo in tozarta ta ba. Wanda taka so ta ba, Allah shi sa albarka. Ni dama na saba da jirgin mutane." Ya saɓa filafili ya nufi ruwa, inda jirgin Warra ke lodi.

Ya yi taku kamar ashirin. Inna Ige ta miƙe tsaye, mayafin ya zame mata, ta ɗaga murya yadda duk bakin ruwa ya ji.

"Isiyaku!"

Kowa ya juya ya dube ta. Wata mata ta ce, "Innalillahi," ta rufe baki. Shi Isiyaku bai juyo nan take ba, ya dai tsaya cak.

"Isiyaku, dawo. Jirgin naka na. Don kai nis sai shi, shekara tara ina tarawa. Wanga mutum ya ji, ƙarya shikai."

Ta nuna ni da yatsa, ta koma ta zauna, ta sake rufe fuska. Surukanta suka sunkuyar da kai. A nan ne, bayan an gama komai, bayan ba sauran amfani, bakina ya buɗe na ce gaskiya ta faɗa, haka ta ce mini, Bala ne ya ce in sa nasa. Sarkin Ruwa ya ce, "Yanzu ka tuna? Hayaniyar ta kwanta?" Ya karɓi takardar daga hannun Bala ya ce shi zai kai a canza. Ya ce in je in kankare abin da na shafa, kuma kada in ƙara kafa rumfa a bakin ruwansa. Mutanen Ngaski suka kwashe jiragensu suka kai wa wani. Shekara biyu ban yi rubutu a jikin jirgi ba, kuma daidai ne.

Abin da ya fi ƙona mini rai ba wannan ba ne. Matan kasuwa ba su bar ta ba. In ta wuce sai wata ta ce, "A kira mana Isiyaku mu ji." Wasu wasa suke yi, wasu da gaske. Mace mai shekara sittin da ta riƙe kunyarta tun tana yarinya, ta daina kai banda kasuwa da kanta, sai aike. Bala ya koma Shanga da zama. Waɗanda suka yi mata dariyar kuwa su ne da suka ga jan fenti suka ce na Bala ne, ba wanda ya tambaya.

Kwana uku bayan zaman, da jirgin ya bushe, na je gyara. Jan fenti ba ya shafuwa da fari, sai ya huda ya fito, dole a kankare shi har katako. Na sa wuƙa na yi ta kankara, na bi da sanfefa, na shafa fari sau biyu. Isiyaku yana zaune a gindin jirgin yana ɗinkin taru, da na tambaye shi yadda yake so a rubuta ya ce, "Yadda anka saba." Na ja zare, na rubuta harafi bakwai, na rataya ƙugiya. Goshin ya ɗan lotsa a inda na kankare, mai lura zai gani.

Ina wanke buroshi Inna Ige ta iso. Ganinta ya sa Isiyaku ya tattara tarunsa ya koma can nesa. Ta tsaya gaban rubutun ta daɗe tana kallo.

"Wanga karon nashi na?"

"Nashi na, Inna. In karanta miki?"

"Kar ka karanta. An ji shi ya isa."

Na durƙusa na ce, "Inna, na cuce ki. Ki yahe mini don Allah."

Ta ce, "Jirgi ka gyara, na gani. Ni wa za ya kankare abin da nif faɗi gaban surukaina?"

Ta juya ta hau tudu. Ba ta ce ta yafe ba, ni kuma ban sake samun fuskar tambayarta ba har Allah ya karɓi ranta.